Faten Tsaki a Gidan Suruki

Faskari,
Ƙarshen damina.

Zuwa ga Malama Mansura, ɗiyar Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya ɗalibai, ya kuma zaman Kankara? Mu nan lafiya lau. Rukayya ta fara haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ta gwada shi a kafaɗarshi. Babanta yana gaishe ki.

Kada ki yi dariyar rubutuna. Rabona da biro tun jarrabawar fita sakandare, amma tun da aka katse layin waya a ƙasar nan, wayata ta koma tocila. Bilya direba ya ce yanzu ta Funtua yake zagayawa ya je Kankara, shi ne na ba shi wannan.

Baba yana wurina. Mutanen ƙauyenmu na bayan Ruwan Godiya sun watse, kin san dalili, ba sai na sa a takarda ba. Yaya Lawwali yana Kudu, babu ta inda za a sanar da shi. Da ƙyar aka lallashi Baba ya hau mota, kuma ya ce daga Faskari ba zai ƙara gaba ba, don kada ya yi nisa da gonarshi. Mun gyara mashi ɗakin da ke jikin zaure.

To, Baba ba ya cin abinci. Yadda na kai langa haka nake ɗauko ta. In na yi magana ya ce ya ci a waje. Na sa an bincika mani, wajen nan shayi ne ba madara a wurin mai shayi, sai goro. Wani lokaci ya ce azumi yake, har na fara tunanin ko an ƙara wani Ramalana ba mu ji ba. Rigarshi ta fara yi mashi yawa. Jiya da zai tashi daga alwala sai da ya dafa bango.

Ba ciwo ba ne, Mansura, ni da ke mun san ko mene ne. Baba ba zai ci tuwon gidan suruki ba. Tun da aka kawo ni gidan nan ko ruwa bai taɓa sha ba in ya zo, a tsaye yake gaisawa ya juya. Yanzu ga shi kwance a ciki. Shi ma Baban Rukayya kunyar ta hana shi sakat, ya daina bi ta zaure, ta ƙofar baya yake fita shagonshi na ɗinki kamar wanda ya yi sata.

Da Gwaggo na da rai, tsawa ɗaya za ta yi wa yayanta ya ɗauki cokali. Ke ce kika rage mai bakin nan. Ki ba ni shawara, ke da kika yi jami'a.

Taki,
Barakatu.


Kankara.

Zuwa ga Barakatu, uwar ɗakina a bakinta,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, aiki da godiya. Ɗalibai suna nan yadda kika san su, sai dai tun da waya ta mutu sun gano cewa akwai allo a gaban aji. Ki shafa mani kan Rukayya daga nesa da bakinta. Ki gaida Nata'ala, ni ba mijina ba ne, zan faɗi sunanshi.

Na karanta takardarki. Maza biyu a gida ɗaya, ɗaya ya bar cin abinci, ɗaya ya bar ƙofar gidanshi, kuma kowannensu yana ganin shi ne ya fi mutunci. A jami'a ba a koya mana maganin wannan ba. Abin da jami'a ta koya mani na gaske shi ne yadda ake rayuwa a ƙarshen wata, kuma shi zan ba ki.

Kawu Yahya ba zai ci na suruki ba, amma babu dokar da ta hana shi cin na ɗiyar ƙanwarshi. Don haka a cikin ledar da Bilya zai ba ki akwai tsakin masara, da kifin gwangwani mai mai, da dakakkiyar gyaɗa, da daddawa, har da gishiri. Da albashina na saya, ba na mijin kowa ba ne. Nama dai kin san tun da aka hana kasuwar dabbobi ya zama sai a mafarki. Faten tsaki za ki yi mashi, irin wanda ya riƙe mu a ɗakin kwanan ɗalibai.

Ki ɗora ruwa daidai cikin mutum ɗaya, ba na unguwa ba. Ki zuba jajjagen tattasai da albasa, attarugu kaɗan don cikin da ya daɗe babu komai ba ya son faɗa. Ki sa daddawa da gishiri da gyaɗa. Kafin ya tafasa ki rege tsakin, ki tsane shi. In ya tafasa ki riƙa zuba tsakin da hannu ɗaya kina juyawa da ɗayan, in kika juye shi gaba ɗaya za ki samu gudaji, kuma ba ni za ki zaga ba. Ki rage wuta. Tsakin ƙanana ne, kafin ki gama yanka ganye ya yi laushi. Yakuwa da alayyahu na bayan gidanki sun isa, Allah ne ya fito da su, ba Nata'ala ba. In yakuwar ta yi tsami da yawa, ɗan ruwan kanwa.

Kifin shi ne na ƙarshe. Dafaffe ne, ba ya buƙatar komai sai ya ji ɗumi. Ki fara tsiyaye man cikin gwangwanin a tukunya, shi ne man girkinki, ba sai kin taɓa kwalbar gidan ba. Sannan ki ɓare kifin manya-manya ki sa, ki juya sau ɗaya a hankali, ki sauke. In kika sa shi da wuri zai narke, ki nemi kifi ki samu labarinshi. Ki bar shi da ruwa-ruwa yadda za a sha da ludayi. Gwangwanin da kika ga ya kumbura kada ki buɗe shi, ki jefar.

In kin kai mashi ki ce, Mansura ce ta aiko daga Kankara, ta ce in bai ci ba ita da shi ne. Ki ajiye gwangwanin a gefen tire ya gani da idonshi.

Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki ƙara komai. Na san ki. Kada ki ƙara komai.

Ki gaida Kawu, ki ce mashi na ce ramar ba ta yi mashi kyau ba, dama can ba kyau ya cika ba.

Mansura.


Faskari.

Malama Mansura,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan ke ma haka. Saƙo ya iso, babu abin da ya fashe. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Ki yi haƙuri kafin ki karanta sauran.

Na yi faten yadda kika ce, kuma gaskiya ya yi sauri, ban gama share tsakar gida ba ya nuna. Na ɗanɗana, ya yi daɗi. Amma da na dube shi a langa sai zuciyata ta karye. Mahaifina, mai rumbu cike, wanda bai taɓa barin baƙo ya tafi ba a yanka mashi kaza ba, yau in kai mashi tsaki da kifin gwangwani kamar ɗan makaranta? Da kika rubuta kada in ƙara komai, na ɗauka irin tsiyarki ce ta taubasai, kina nufin ba mu da abin ƙarawa. Na nuna wa Baban Rukayya, shi ma ya ce Allah ya kiyaye. Ya kama zakaran nan namu da ke kwana a bakin zaure ya yanka. Na soya, na jera a saman faten.

Na kai, na durƙusa, na faɗi abin da kika ce in faɗa, na ajiye gwangwani a gefe. Wallahi Mansura har ya yi murmushi. Ya ce, "Ita ja'irar ce ta aiko?" Ya jawo langar da kanshi, ya yi bismillah, ya buɗe. Sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe kifin Kankara har cinya gare shi."

Na ce, "Baba, ɗan ƙari ne kawai."

Ya ce, "Na lura yau ba a yi cara ba." Ya mayar da murfi ya rufe. Ya ce in kai wa mai gidan, shi ya ƙoshi.

Washegari na sake yin wani, tsaki da kifi kawai, ko kallon shi bai yi ba. Ya ce ai bai san abin da ke ƙarƙashi ba.

Yanzu wata magana ya ɗauko. Ya ce masararshi ta isa karya, zai koma ya gani. Na ce Baba babu kowa a garin. Ya ce akwai rumbunshi, kuma gara mutum ya kwana da tsoro a ɗakinshi da ya kwana da nauyi a ɗakin wani. Ya wanke ɗayar rigarshi ya ninke. Kin san waɗanda suka koma karya masara kwanan baya, ba duka suka dawo ba.

Baban Rukayya ya rasa yadda zai yi. Duk abin da ya san ana yi na girmamawa ya yi. Ko rabin buhun masarar da Baba ya taho da shi, ranar da ya iso ya ce a shigar da shi ciki a riƙa ci, Baban Rukayya ya ce sam, ba za a ce ya ci hatsin surukinshi ba. Ya ɗinke bakin buhun da hannunshi, ya ɗora shi a kan bulo a ɗakin Baba don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi. Kin ga iyakar ƙoƙari ke nan.

Ki rubuto da wuri.

Barakatu.


Kankara.

Barakatu,

Amin wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dai na karanta takardarki a ɗakin malamai na ce innalillahi da ƙarfi, har aka zo ana tambayata wa ya rasu. Na ce zakara.

Ba zan yi maki faɗa a kan kazar ba. Kin ɗauki abin da aka yi don tsoho ya ci, kin mayar da shi abin da za a gani a yaba maku. Wannan ba ke kaɗai ba ce, duk danginmu haka muke, in muka tashi girmama mutum sai mun ga bayanshi.

Ƙarshen takardarki ne ya tsaya mani, wurin da kika kira iyakar ƙoƙari. Ki sake karanta abin da kika rubuta. Mutum ya bar gidanshi da gonarshi da kabarin matarshi, cikin duk abin da ya mallaka rabin buhu kaɗai ya iya ɗaukowa. Ya miƙa shi, don ya zauna a gidan a matsayin wanda ya kawo, ba wanda aka kawo ba. Telanki ya karɓa ya ɗinke, ya mayar mashi, ya ɗora a inda zai buɗe ido kullum ya gani. Na tabbata ɗinkin ya yi kyau.

Tsakina ba zai ƙara aiki ba, kun ƙona wannan hanyar. Wadda ta rage ita ce a ci masarar Kawu. Ba shi kaɗai za a dafa wa ba, kowa na gidan zai ci, har Rukayya da sabon haƙorinta. In tukunyar daga buhunshi ta fito, ba tuwon suruki ba ne, ku ne kuke cin nashi. Fate kuwa shi ya fi dacewa, don tiya ɗaya ta tsaki tana kai gida nesa, buhun ba zai yi saurin ƙarewa ba. Kifi ni zan riƙa aikowa.

Kuma ba ke za ki roƙa ba. Ɗiya ta ɗebi hatsin ubanta ba labari ba ne. Wanda ya ɗinke shi zai je ya ce yana so. Na san abin da nake nema. Na san Faskari, na san teburin mai shayi, na san kafin la'asar an ce Nata'ala ya kasa ciyar da gidanshi sai da suruki ya tallafa. Kunyar nan dole wani ya ɗauke ta. Kawu ya ɗauka har ta fara kai shi ƙasa. Nata'ala yaro ne, yana da wuyan ɗauka.

Ki karanta mashi wannan yadda na rubuta, kada ki sa mata cinya.

Mansura.


Kankara.

Barakatu,

Salamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru.

Ban ga amsarki ba. Na je tasha ban ga Bilya ba, na sake komawa aka ce motarshi ta lalace a Funtua, wani ya ce a'a, hanya ce ba ta biyuwa. A tasha kowa yana da labari, kuma babu wanda ya ga komai da idonshi. Wani kwandasta ya ce ya ga wani tsoho da ƙunshin kaya yana tafiya a ƙasa wajen Sheme. Na tambaye shi kamanninshi, ya ce tsoho ne dai. Na gode mashi.

Ban san ko takardata ta isa ba. Ban san ko ta isa ta yi ɓarna ba. Na sake tuna abin da na rubuta a kan mijinki, na ga akwai inda da baki ne da na sassauta, takarda kuwa ba ta iya murmushi. In ya yi fushi ya yi da ni, amma ya je wurin Kawu tukuna.

Jiya na dafa faten don kaina, na zauna ina kallon shi har ya yi sanyi ya kama jikinshi. Na kai wa maƙwabciyata.

Wannan zan ba wata mata mai sayar da atamfa da ke zuwa Faskari. Ko layi ɗaya ne ki ba ta: yana nan, ko ba ya nan.

Mansura.


Faskari.

Mansura, baiwar gidanmu,

Wa'alaikumus salam. Yana nan.

Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune. Muna lafiya. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, ta Bilya da safe, ta mai atamfa da azahar. Motarshi ce ta lalace da gaske, takardar tana cikin aljihun ƙofar motar duk kwanakin nan.

Da ta ƙara kwana ɗaya da ba ta samu Baba ba. Baba ya riga ya yi magana da wani mai babur zai kai shi bakin hanya. Da safen nan ya kira ni ya ce in riƙe Rukayya da kyau, ya sa mani albarka doguwa irin wadda ba na so.

Na tura aka kira Baban Rukayya daga shago, na karanta mashi kamar yadda kika ce, ban cire ko wasali ba. Da na zo wurin ɗinkin ya yi kyau, sai ya ce, "Ita Malamar, da aure take yi da ta san abin da ake cewa suruki." Na ce ai shi ya sa take gani sarai. Ya ce, "Ni in je in ce wa Baba ba ni da abinci? Ga dawa a ɗaki. Ƙarya zan yi mashi?" Na ce ba ka da masara, wannan gaskiya ce. Ya ce gobe da wane ido zai zauna a majalisa. Na ce da idon da za ka zauna in aka aiko mana da mugun labari daga Ruwan Godiya. Ban taɓa yi mashi magana haka ba. Ya tashi ya fita ta ƙofar baya, na ce shi ke nan.

Can sai na ji sallama ta zaure. Zagayawa ya yi ya shigo ta ƙofar gidanshi. Na laɓe a bayan labule. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofar Baba, kanshi a ƙasa. Suka gaisa, suka sake gaisawa, suka tambayi lafiyar juna kamar ba bango ɗaya ya raba su ba. Sannan ya ce, "Baba, dama wata 'yar matsala ce."

Baba ya ce, "Ina ji."

Ya ce, "Kasuwa a rufe, ɗinki ya ja baya. Masara ta yanke mana. Na ce ko za a taimaka mana da ta wurinka."

Ina jin Baba yana gyara zama. Ya ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "An kwana biyu."

Sai Baba ya ɗaga murya, muryar da rabona da ita tun muna gida. Ya ce, "Kai yanzu iyali na cikin wannan hali ka yi shiru? Ga hatsi a ajiye? Wannan wace irin kunya ce marar amfani?"

Mansura, na toshe bakina da gyale.

Baba ya ce a ba shi wuƙa. Baban Rukayya ya ce bari ya warware ɗinkin a hankali, Baba ya ce ba shi da lokacin tela, ya farke shi. Ya auna tiya da hannunshi. Aka ce a kai inji, ya ce babu mai kai masararshi inji sai shi, don masu inji ɓarayin gari ne. Ya saɓa a kafaɗa, mutumin da ke dafa bango. Baban Rukayya ya bi shi a baya yana a kawo a kawo, shi kuwa duk wanda ya gamu da shi sai ya tsaya ya yi bayani: yaran nan ne abinci ya yanke masu. Kafin su kai inji rabin unguwa ta ji.

Aka surfa aka ɓarzo, na tankaɗe na fitar da tsakin. Na yi yadda kika rubuta, man gwangwani, kifi a ƙarshe, ban ƙara ko kallo ba. Na kai mashi. Ya tambaya ko an zuba wa mai gidan, na ce an zuba. Ko Rukayya ta samu, na ce ta samu. Ya juya ludayi har ƙasa, ya duba, sannan ya sha. Na fita don kada in tsaya a kanshi. Da na dawo langar kamar an wanke. Ya ce gishiri ya yi kaɗan, kuma ki daina sayen kifin da ba shi da kai, ba a san ko wane ne ba.

Mai babur ya zo, Baba ya ce mashi ya tafi, ba zai bar yara cikin yunwa ba.

A majalisa kuwa abin da kika faɗa ya faru. Yahuza mai faci ya sa wa Baban Rukayya suna Ɗan Gatan Suruki, har wani ya tambaye shi ko surukin na da wata ɗiyar. Ya dawo gida fuska a ɗaure. Na ce ka yi haƙuri. Ya ce, "Ya ci?" Na ce ya cinye. Ya ce, "To, su yi ta faɗa." Ya ce in gaya maki bai yafe ba, amma ki aiko da kifin gwangwani mai tumatir ɗin nan, an ce ya fi.

Taki,
Barakatu.


Kankara.

Barakatu,

Salamu alaikum. Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko a tsaye a tasha, sauran na karanta a gida da shayi, sau biyu.

Ga kifi nan, mai mai da mai tumatir. Mai tumatir ba ya buƙatar tattasai da yawa, amma ba shi da mai, sai ki haɗa da ɗan na gyaɗa. Yanzu kina iya taɓa kwalbar gidan, tunda Kawu ne ke ciyar da ku, ba zai ƙi ɗan gudummawar talakawanshi ba. In alayyahu ya ƙare, zogale ma ya yi. Ki ce wa Kawu na kai ƙorafinshi, kawunan suna wani gwangwanin daban.

Ki ce wa Nata'ala na janye rabin abin da na faɗa. Ya zaɓi rabin da yake so.

Ba na son ɓata maki daɗi, amma ni malamar lissafi ce ko da ban so ba. Rabin buhu rabin buhu ne. Hanya ba ta gyaru ba, Lawwali bai san halin da ake ciki ba. Ranar da tiya ta taɓa gindin buhun nan, me za ku ce mashi?

Mansura.


Faskari.

Malama,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Kifi ya iso. Baba ya ciko, har ya fara zuwa masallacin Juma'a da ƙafa. Ya zama sarkin gida: shi ke auna masara kullum da safe, ya ce ina da ɓarna, ya ce Baban Rukayya yana cin abinci kamar mai noma alhali zaune yake wuni. Shi kuma ya ce to Baba. Yanzu ta zaure yake wucewa.

Tambayarki ba ke kaɗai ta dama ba. Buhun ya yi ƙasa har ya fara kwanciya. Na lura Baba ya rage awo, kuma ya fara barin rabin nashi yana cewa a ba yarinya. Na gane inda aka nufa.

Baban Rukayya bai yi shawara da ni ba. Wani abokinshi ya zo daga Sabuwa, ya sa ya taho mashi da masara. Ranar Juma'a da Baba ya tafi masallaci, shi ya yi jinkiri, ya shiga ɗakin ya juye ta cikin buhun, ya cuɗa da hannu, sannan ya ruga ya samu sallah. Da ya dawo yake gaya mani yana murna. Na ce mu gani. Na leƙa buhun, na ce innalillahi. Mansura, masarar Baba fara ce tas, irin da yake ajiyewa tun muna yara. Wadda aka kawo daga Sabuwa ja ce. Mutumin da zai bambance zare fari da zare mai ruwan madara daga nesa, ya ce shi masara duk masara ce. Muka fara tsincewa, sai muka ji sallamar Baba.

Da safe na ɗauki kwarya na je awo kamar kullum. Na durƙusa. Baba ya jawo buhun, ya ji nauyinshi, ya dube ni. Ya buɗe, ya zura hannu ya ɗebo, ya matso bakin ƙofa wurin haske. Ja da fari a tafin hannunshi. Ya sa yatsa yana juya su. Baban Rukayya yana tsaye a zaure da takalmi ɗaya a ƙafa, ya kasa gaba ya kasa baya. Ni dai ina kallon ƙasa, ina jiran in ji an ce a kira mai babur.

Baba ya gama dubawa. Sannan ya mayar da ita cikin buhu ya ce, "Wannan buhu da albarka yake."

Ya cika tiya har ta yi tozo, irin awon farko, ya juye mani. Na tashi zan fita, sai ya juya ya fuskanci bango, ya ce da ƙarfi yadda za a ji a zaure, "Amma in albarkar za ta sake sauka, ta sauko da fara. Ja ba ta daɗin tsaki."

Daga zaure aka ce, "To, Baba."

Ruwa ya tafasa, bari in je in zuba tsaki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki,
Barakatu.